Itatuwan Gawon Baba a Damina

Kazaure,
12 ga Satumba, 1976.

Zuwa ga ƙanena Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ma'u da yara. Mu nan kalau muke. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, tarin da ya dami Inna ya lafa. Uwargida Saude ma ta warke daga ciwon haƙori, har ta koma yi mini faɗa da cikakken baki.

Hotunanka sun iso, kuma ina taya ka murna, domin sun kori kalandata daga bangon ɗakin Inna. Hukuma ta tura ka Kurmi ka kula da itatuwa, kai kuma ka sayi kyamara ka koma waliyyi. Ni ne mai karanta mata abin da kake rubutawa a bayan kowane hoto: wai idan raɓa ta sauka a dajin da sassafe kana jin kamar a sahun salla kake, wai kowane lokaci na shekara da irin tasbihin da ganye ke yi. Da kana ajina ina koyar da kai ban taɓa ganin ka haɗa jimla mai kyau haka ba, sai da ka yi nisa. Abin haushin shi ne hotunan suna da kyau. Akwai wanda hasken rana ya ratso tsakanin dogayen itatuwa ya sauka kan wani ɗan rafi. Na daɗe ina kallonsa, bayan na tabbata ba kowa a ɗakin.

Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta tashe ta tsaye ta nuna mata dajin Halliru. Ni da nake kai ta asibiti, nake yi mata awo, nake gyara mata indararo, ka san ko sunana ba ta kamawa, tunda Allah ya yi ni ɗan fari. Ni a bakinta wancan ne. Ban taɓa damuwa ba, sai da ka rubuto cewa ta zo ta ga dajin da idonta, ita kuma ta ce bayan kaka za ta hau jirgin ƙasa. Matar da ko Kano sai an yi mata wa'azi take zuwa!

To, sai na ce bari in nuna mata mu ma muna da daji. Na goya Daudu mai hoto na bakin tasha a babur, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallensa, muka nufi gonar marigayi Baba ta bayan duwatsun Roni, inda itatuwan gawon nan suke. Na sani sarai gawo ba ya ganye da damina, sai da rani yake yin shar lokacin da komai ya bushe. Amma ba ni da halin jiran rani, kuma na yi zaton geron da ke ƙarƙashi zai rufa mini asiri. Daudu ya ce shi tunda yake mutane yake ɗauka, ya roƙe ni in tsaya a gaba don kada a ce ya ɓata takarda a banza. Na ƙi. Na koma gefe na zauna, kuma in gaya maka gaskiya, shirun wurin ya kama ni, har na manta da kai na ɗan lokaci.

Hoton ya fito baƙi da fari, itatuwa tsirara kamar an yi gobara. Saude ta ce in ɓoye shi kada in sha kunya. Duk da haka na kai wa Inna. Ta matso da shi kusa da ido, ta yi ta nuna su da yatsa, ga wanda Baba ke ɗaure jaki, ga wanda take ajiye masa fura. Ba ta rataye shi ba. Ta dubi Saude, ni ina zaune a gabanta, ta ce a gaya wa wancan ya kyauta, za ta tafi da shi Kurmi ta nuna wa jikokinta, kuma idan rani ya yi ganye ya fito, ya koma ya ɗauko wani ya aika mata can. Ka ji sakamakon dabarata. Da wata guda ta yi niyya, yanzu ta ƙara wa kanta har rani, ni kuma na samu muƙamin mai hoton gidanka.

Saboda haka ga ta nan zuwa. Ka ce wa Ma'u ta rage manja a miya. Inna ba ta faɗa idan ta gaji, kai za ka lura da kanka. Ka kai ta dajin naka ta gani, sau ɗaya ya isa. Hoton rani kuwa zan ɗauka, ban musa ba, amma ba zai shiga gidan waya ba. A nan zai zauna, idan tana son ganinsa sai ka rako ta gida.

Saude tana gaishe ku, Hajja Kaka ta Babura ma ta ce a miƙa tata. Ka gaida Ma'u, ka shafa mini kan Madu da Gumsu ƙarama. Allah ya tsare ku.

Yayanka,
Muhammadu Lawal