Takardun da Ban Ƙona Ba

Illela, ranar Lahadi.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kai da ka yi shekaru kana buga wa mutane wasiƙu da tafireta a bakin kasuwa, ga taka ta farko daga hannuna, kuma babu direban da zai kai maka ita. Duk da haka sai na rubuta, don maganar ta ƙi barina in huta.

Na fita takaba makon jiya. An buɗe iyaka, mutanen Ƙonni sun dawo da kuɗinsu na sefa, yau kasuwa ta cika har bakin titi. Wani mai sayar da batir ya shiga rumfarka. Tafiretarka kuwa tana hannun hukuma, wai shaida ce. Innata tana can ƙauyen Araba, ƙafa ta matsa mata, amma tana cin tuwonta.

Luba ce damuwata. Yaran makarantarsu ba su zama tabarma ɗaya da ita, ɗiyar mai zagin malamai suke ce mata. Ran nan ta dawo, ta ajiye allonta, ta tambaye ni ko gaskiya ne kana wuta. Yarinya 'yar shekara tara! Mi zan ce mata? Na ce ƙarya ne, sai ta ce to don mi aka ɗaure ka. Tun ranar ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Don mi aka ɗaure ka? Ni ma so nake wani ya tsaya gabana ya faɗa mini. Gari ya rabu biyu, masu sakin hannu a salla da masu ɗora shi a ƙirji, maƙwabci ya daina cin yankan maƙwabcinsa, wa ya daina bin ƙanensa salla. Kai kuma ka ce mutane su yi gardama da takarda ya fi su yi da sanda. Ka rataye gwangwanin madara a jikin rumfa, duk mai tambaya ko amsa a kan addini ya rubuta ya jefa, da boko ko da ajami. Ka buga da tafireta, ba suna, ka manna a katako ran kasuwa. Maganar malami da ta mahauci duk fuska ɗaya. Wa ke nan bai tsaya ya karanta ba? Har daga Amarawa da Gidan Katta ana zuwa, wanda bai iya ba a karanta masa. Dariya suke, suna tafa hannu, suna ce maka sai kai.

Sai ga takardar nan. Wadda ta ce babban malamin da ya hana a bi masu sakin hannu salla ya nuna shafin da ya gani, in kuwa babu, to ƙarya yake yi wa addini. Kafin la'asar an yi doke-doke, an fasa wa mutum biyu kai, an zo an tafi da kai ko takalmi ba ka sa ba. A gaban alƙali aka ce ka faɗi wanda ya rubuta. Ka ce ka yi wa mutane alkawari. Aka ce ka kawo takardun asali, ka rantse cewa duk an ƙone su. Aka ce to kai ka rubuta ke nan, aka yanke maka shekara uku. Ba ka cika biyu ba tari ya gama da kai, aka kawo mini kai a bayan a-kori-kura.

Masu ce maka sai kai ɗin nan, ina suka shiga? Ko ɗaya bai je kotu ya ce ni ma na taɓa jefa takarda ba. Ranar jana'izarka ko sahu biyu ba a cika ba. Wasu sun zo gaisuwa ta ƙofar baya kamar masu sayen kayan sata. Wallahi da na ga fuskokinsu sai da na ji kamar in watsa musu ruwan wanke-wanke.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ban ƙona takardun ba.

Kowace Asabar in ka gama bugawa sai ka miƙo mini su ka ce in sa a wuta, in ce to. Ranar farko na kai hannu murhu, sai idona ya faɗa kan bisimilla a saman takarda. Ta biyu akwai aya. Ta uku sunan Annabi. Haba Maigida, ta yaya zan tura sunan Allah ƙarƙashin tukunyar miya, ya haɗu da toka a kwashe a zuba bayan gida? Hannuna ya ƙi. Na ce zan nemi wuri mai tsarki in binne su, sai yau sai gobe. Ina tara su, in na je Araba in zuba a tsohuwar tukunya cikin rumbun Inna. Ka rantse a gaban alƙali da zuciya ɗaya, ni na mayar da rantsuwarka wofi. Na nemi gafarar Allah a kan wannan ban san iyaka ba.

Wata guda bayan an ɗaure ka na je na zazzage tukunyar. Ban sha wahalar nema ba. Da ajami take, da tawadar allo, kuma na san hannun kafin in gama layin farko. Hannun Yaya Mamman ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙa rubuta mini allo tun ina ƙarama, ko cikin rubutu dubu zan ware nasa. Yaya Mamman da ke koyarwa a makarantar babban malamin nan. Shi da ya zauna a kotu gefen masu ƙara, da rawaninsa, yana jan carbi, bai ɗaga kai ya dube ka ba.

Sau uku na zo ganinka gidan yari da takardar ƙulle a bakin zanena. Sau uku na koma da ita. In na dube ka, ka rame, wuyanka ya yi tsawo, sai in kai hannu zan kwance, sai in tuna Inna. In tuna rantsuwarka. In tuna yadda za ka dube ni in ka ji na saɓa maka. Sai in hau ba ka labarin akuya da kuɗin gero. Na ce wa kaina shekara uku ba mutuwa ba ce. Ashe ita ce.

Kuma kai ma ina da magana da kai. Ka san hannun Yaya Mamman, ko ba ka sani ba? Ai shi yake rubuto maka gaisuwa daga makaranta tun kana nemana. Ka sani sarai. Shi ya sa duk zuwana sai ka tambayi lafiyarsa kafin ta kowa. Don ni ka rufa masa asiri? Wa ya roƙe ka? Ka tambaye ni ko na fi son wa a waje da miji a kabari? Ka zauna kai kaɗai ka yanke, kamar yadda ka saba, ka bar ni da yarinya tana tambayata wuta. Ina jin haushinka ƙwarai, kuma ina kewarka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ran Talata na je gidan Yaya Mamman da hantsi. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na buɗe takardar na riƙe ta inda zai gani amma ba zai kai hannu ba. Na faɗa masa ni ban ga laifi a abin da ya rubuta ba. Tambaya ya yi, kuma tambayar tana kan hanya. Laifinsa shirun da ya yi shekara biyu yana kallon wani na tari a madadinsa. Na ce ba na son a taɓa shi. Abu ɗaya nake so, ran Juma'a bayan an sallame ya miƙe ya ce shi ya rubuta, mijina bugawa kawai ya yi.

Ka san mi ya fara fitowa daga bakinsa? Bai yi salati ba, bai ce Allah ya ji ƙanka ba. Tambayata ya yi ko akwai wanda ya gani ban da ni. Sannan ya ce wanda ya mutu ya riga ya mutu, in tuna yana da iyali, in tuna wannan zai iya kashe Inna. Iyali! Ni itace na aura?

Juma'a ta zo. Na tsaya bayan masallaci wajen mata masu sayar da ƙosai har aka watse. Ya fito, ya sa takalminsa, ya gaisa da mutane, ya tafi gida cin abinci.

Saboda haka gobe Litinin zan kama hannun Luba mu je gaban alƙalin da ya ɗaure ka, in ajiye masa takardar, a karanta tana ji. Sauran takardun na binne su a gonar Inna, ba ruwana da masu su. Ban san mi za a yi wa Yaya Mamman ba. Wataƙila a ce magana ta wuce. Wataƙila a yi masa abin da aka yi maka, kuma ban ce hakan daidai ne ba. Inna kuwa, in na tona wa ɗanta asiri, na san ba za ta ƙara kiran sunana ba. Na kwana biyu ina juya wannan, ban sami wata hanya ba.

Na san da kana nan da ka tare ƙofa ka ce alkawari. To kai ka yi musu alkawarin, kuma ka cika shi da ranka. Ni ban yi wa kowa ba.

Allah ya gafarta maka, ya sada mu da alheri. In ka ga dama ka yafe mini in mun haɗu.

Ni ce matarka,
Dije, uwar Luba.