Lasifikar da Ke Ƙarƙashin Kwanukan Inna

Sabo, Badun,
14 ga Maris, 1968.

Zuwa ga Yaya Madina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Sammani da yara, ya kuma ƙara muku jin daɗin zaman Kumasi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma suyar wainarta ta sayarwa. Ni kuma na karɓi takardar digirina, ina jiran a tura ni koyarwa. Yaƙi bai taɓa mu ba sai ta tsadar kaya da motocin soja da ke ratsa unguwar Mokola. Allah ya kawo ƙarshensa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kayan kiɗan Baba, Allah ya jiƙansa, waɗanda ya saya a hannun Baturen nan na unguwar Jeriko shekarar samun 'yancin kai. Ba kya nan aka raba gado, don haka ga yadda aka yi. Dattawa sun kasa su kamar huhun goro. Injin ƙara sauti mai bawul, wato ƙwayayen gilashin nan na cikinsa, tare da garmahonsa, ya faɗa rabon ƙaninmu Ɗan'auta. Lasifika ɗaya ta zo mini, ɗayar ta zama taki. Na yi bayani cewa abu ɗaya ne, amma Kawu Gwadabe ya ce duk abin da ake iya ɗauka daban, to daban yake, kuma ba a kira ni in yi musu lacca ba. Taki tana ɗakin Inna, ta rufe ta da mayafi ta jera kwanuka a kai, ta ce ba ta taɓa ganin kabad marar ƙofa ba sai wannan.

Na duba bayansu da kaina. Lambar tawa 4417, taki 4418, wato tare aka ƙera su. Kowacce an rubuta mata awon lantarki om goma sha biyar, daidai da abin da ke bayan injin. Shi kuwa injin, daminar Badun ta cinye shi da tsatsa, ɓera ya yi sheƙa a ciki. Kin tuna Ogbonna, mai gyaran rediyo na kasuwar Dugbe, wanda yakan duba wa Baba shi? Ya koma Gabas tun kafin yaƙi, shagonsa a kulle. Don haka na roƙi Ɗan'auta ya bar ni in gwada, ya ce in ɗauka, shi bai ga amfanin ƙarfen da ba ya magana ba. Cikin manyan bawul huɗu masu lamba EL84, biyu sun mutu. Na yi ta yawo a Dugbe har na samo su a cikin wani mushen rediyo, na kai ɗakin gwaji na jami'a na auna su. Na sauya 'yan gwangwanayen tara wuta, wato kwandansa, guda uku da suka tsiyaye, na sake liƙa wayoyi da dalma, na manne inda kyankyaso ya ci a fatar lasifikata da siririyar takarda. Tun da injin na lasifika biyu ne, ba a barin gefe ɗaya ba komai, sai na ɗaura wata 'yar waya mai riƙe wuta a madadin taki. Ɗan'auta ya sa mata suna layar Oga Furofesa, wato ni.

Yaya, ga abin da ya tsaya mini a rai. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na gama, na kunna, bawul suka yi ja, ba hayaƙi, ba ƙugi. Na fita in wanke hannu. Kafin in dawo Ɗan'auta ya ɗora faifan garayar nan da Baba yake so, ya kirawo Inna, ya murɗa maɓallin sauti. Na tarar da ita tsaye tana hawaye, ta dafa kansa tana sa masa albarka, wai ya dawo da muryar gidan. Ni kuwa ta ce in matsa, na tare mata haske. Ɗan'auta bai ce shi ya gyara ba, dole in faɗi gaskiya, amma bai ce ba shi ba ne. Yanzu duk layinmu rediyon Ɗan'auta ake cewa. Abokansa na kasuwar goro suna cika zaure, yana shafa injin yana yi musu bayani da Hausa da Yarabanci, kuma rabin bayanin ba daidai ba ne. Har Zulaihat ta gidan Alhaji Hadi, wadda kika san abin da ke raina game da ita, ta tambaye ni ko ƙanina zai koya mini ni ma.

Yanzu yana so ya kai kayan bikin wani abokinsa, a rataye lasifika biyu a jikin bishiya, a ƙure murya. Na gaya masa in waya ta fizge injin yana kunne, taransifomar ciki za ta ƙone, kuma da wannan yaƙi ba a shigo da irinta. Ya yi dariya ya ce ni da tsoro tare aka haife mu. Na hana shi tawa, ya ce ba komai, zai nemi taki. Na ji ya ba wani direba turmin atamfa ya kawo miki. Zanen yana da kyau, na gan shi.

Ni ba ni da zanen da zan aiko. Roƙona shi ne ki rubuta wa Kawu Gwadabe ki ce ni kika ba riƙon lasifikarki. In biyun suna hannuna, injin ba zai bar gidan nan ba, don ba zai yi magana ko'ina ba sai da ni. Kada ki ɗauka hana kowa ji zan yi. Inna ba ta taɓa jin faifan nan da lasifika biyu ba tun rasuwar Baba, kuma zan haɗa mata su a ɗakinta, in samo mata kabad na kwanuka. Amma ranar, ni zan murɗa.

Ki gaishe da Malam Sammani, da Binta, da Ɗanbaba, ki ce masa ya dage da karatu. Kawu Gwadabe da iyalinsa suna gaishe ku. Inna tana gaishe ki ƙwarai, ta kuma ce lallai in sanar da ke cewa Ɗan'auta ya gyara akwatin Baba. Na rubuta kamar yadda ta faɗa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Uwaisu.