Sunan Mai Waƙa a Shafin Ƙarshe

Bodinga,
4 ga Fabrairu.

Zuwa ga ɗalibata Malama Bahijja Ja'afar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da yaran da kike koyarwa a firamaren Shagari. Na ba Altine direba wannan ambulan, in kin ga maiƙo a jikinsa to kusa da ƙosansa ya ajiye shi.

Kin san dokata tun ranar farko a aji. Duk wanda ya ɗauki darasin rubutun bincike a hannuna, ba ni da shi a waya, ya zauna ya rubuto mini wasiƙa hannunsa ya saba da jera magana. Ana zagina a kan haka a kwaleji, na sani, kuma ko a jikina.

Na karanta daftarin kundinki a kan waƙoƙin daka na matan ƙauyenku, can bayan Horo Birni. Cikin ku arba'in da bakwai, fiye da talatin daga waya suka kwafo mini nasu, har kuskuren ma iri ɗaya. Ke kaɗai kika tashi kika je inda turmi yake kika zauna. Wannan baitin na karanta shi ya fi sau goma:

Mai jan babur, ina garkenka?
Ba ka da saniya ko guda daji.
Gishiri buhu, mai jarka biyu,
Wa kaka kai mawa, ɗan Inna?

Amma kada kanki ya kumbura, akwai ɓaraka biyu. Ta farko, ko'ina sai ki ce "wata tsohuwa ta ce". Wace tsohuwa? Daga sama ta faɗo? A shafin ƙarshe, inda ake jera manazarta da waɗanda aka yi hira da su, ina son suna cikakke, da shekaru, da gari, da ranar hirar. Kuma ki faɗi wadda ta ƙirƙiri waƙar in kin sani. Ta biyu, kin ce waƙar habaici ce, sai kika tsaya nan kina leƙe daga bakin ƙofa. Habaici ga wa? A kan me? Aikin mai nazarin adabi shi ne ya warware abin da mawaƙi ya ƙulle. Ki gyara ki dawo mini da shi kafin ƙarshen wata.

Ki gaida mutanen gida.

Malaminki,
Ubaidullahi Muhammad Sani.

*

Shagari,
11 ga Fabrairu.

Zuwa ga Malam Ubaidullahi, Allah shi ƙara girma,

Wa'alaikumussalam. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga ubanta, da fatan iyali suna lafiya. Na ga gyaranka, na gode, kuma duk na yi su in ban da waɗannan biyun. Ina roƙon ka saurare ni.

Ranka shi daɗe, a wurinmu waƙar turmi ba ta da mai ita. Gida ɗaya za a fara, maƙwabta su ɗauka ta saman zana, kafin kwana uku duk ƙauye na yi. Wanda aka yi domin shi zai ji ta safe da yamma, ya ciji yatsa, amma ba ya da ƙofar da zai je ya buga, don mata talatin ne ke rerawa. Da haka matanmu ke faɗin abin da maza suka kasa faɗa a zaure.

Shi mai jan babur kowa ya san shi, ba zan rubuta sunansa ko a wasiƙar nan ba. Mutanen dajin da suka hana mu noman nesa, shi ke kai musu gishiri da man fetur, kuma ana zargin shi ke gaya musu gonar da ke da mutane. Wadda ta yi waƙar kuwa Goggona ce, Kaltume, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ɗanta ɗaya tilo, Abubakar Siddiƙ, a gonar gero suka harbe shi bara da damina. Muna zaune muna yankan albasa ta ce mini, "Ni niy yi ta, ranar da anka rufe Siddiƙu. Ki rubuta waƙar in kina so, amma kar ki rubuta ni."

Na yi mata alkawari, Malam. Ba za a iya sa mata wani suna ba? Ko a ce "wata dattijuwa mai kimanin shekara saba'in"? Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan.

Na bar ka lafiya. Allah shi ja da rai.

Ɗalibarka,
Bahijja.

*

Bodinga,
15 ga Fabrairu.

Malama Bahijja,

Bayan gaisuwa. Allah ya jiƙan Abubakar Siddiƙ, ya ba Goggonki haƙuri. Na ji zafin abin, kada ki ɗauka dutse ne a ƙirjina.

Amma shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Kin san "wata dattijuwa" nawa aka haifa a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan ɗakin karatu? Ɗalibi zai zauna nan da biro ya ƙirƙiro tsohuwa da waƙarta, ya kawo mini ya ce ya yi bincike. Mai jarrabawa na waje da zai zo daga jami'a ya san wannan wasan sarai. Da ya ga babu suna zai ce ke kika ƙaga, ya ja layi, shekara ukun da kika yi kina zaryar Asabar da Lahadi ta tafi a banza. Sunan ƙarya kuwa ba a ajina ba. Ba zan koya muku gaskiya a allo in sa hannu a kan ƙarya a kundi ba.

Yanzu ki tsaya ki yi tunani da hankali. Wa ke karanta kundin ɗalibi? Ni, da mai jarrabawa, daga nan sai kabad, inda ɓeraye kaɗai ke kai musu ziyara. Mutanen daji ba sa duba manazarta. Na ɗaukar miki alkawari bayan mu biyun nan ba idon da zai gan shi. Ki sa sunan, ki warware habaicin dalla-dalla, ki bar mini sauran.

Malaminki,
Ubaidullahi.

*

Shagari,
26 ga Fabrairu.

Ranka shi daɗe,

Ina gaisuwa. Ga kundin, na yi yadda ka ce. Sunanta da shekarunta da sunan ƙauyen suna shafi na ƙarshe, bayanin habaicin yana babi na uku. Ban gaya mata ba. Na je ranar Asabar da niyyar faɗa mata, ta dama mini fura da hannunta, na sha na tashi ban buɗe baki ba. Amana ce a hannunka, Malam.

Ɗalibarka,
Bahijja.

*

Bodinga,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga Malama Bahijja, abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Albishirinki. Mai jarrabawa ya zo ya tafi. Mutum ne da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, amma da ya kai babinki na uku sai ya cire tabarau ya ce, "Malam, wa ya koya wa wannan rubutu?" Na ce wa kuwa. Ke kika zo ta ɗaya, ba a kusa da ke ma.

Akwai wani labarin da na ɓoye miki don in ba ki mamaki. Shekara da shekaru ina neman misali ɗaya da zan nuna wa 'yan shekarar farko in ce ga yadda ake ɗauko baiti, a feɗe shi, a kawo hujja, a faɗi inda aka samo. Kullum sai dai in aro na wasu garuruwa. Bana na sa babinki na uku tare da shafin manazarta a cikin takardun darasi da muke raba musu, an buga kofi ɗari biyu da arba'in, an raba tun makonni biyu da suka wuce. Na san na ce ba mai gani. To amma waɗannan ai ɗalibai ne, 'ya'yanmu, masu neman ilmi kamarki, kuma zunubi ne a bar aiki irin wannan ga ɓeraye.

Ki zo ranar Asabar ki karɓi naki kofin. Ki gaida Goggo, ki ce mata waƙarta ta shiga aji.

Malaminki mai farin ciki,
Ubaidullahi.

*

Shagari,
14 ga Afrilu.

Malam,

Wasiƙarka ta iso ni ranar Alhamis. Takardarka ta riga ta isa ƙauyenmu tun Juma'ar da ta gabaci wannan Alhamis ɗin.

Akwai ɗalibinka Mukhtari a shekarar farko, magidanci ne, yana koyarwa a Horo Birni, matarsa 'yar ƙauyenmu ce. Ba mugu ba ne. Murna ce ta kama shi da ya ga sunan garin surukansa a takardar kwaleji. Bayan an sauko daga masallaci, maza na zaune a inuwa, ya fito da ita ya karanta musu da ƙarfi, tun daga baitin har bayanina. Ka tuna yadda ka sa na rubuta shi: cewa garken da babu shi yana nufin 'yan bindiga, gishiri da mai kuwa abin da ake kai musu ne. Sannan ya juya shafi ya karanta: Kaltume Sodangi, shekara sittin da takwas, wadda ta ƙirƙiri waƙar. An ce shi mai jan babur ɗin yana zaune a kan tabarma a wurin. Ya ce a ba shi ya gani, duk da bai iya boko ba, ya naɗe ta ya sa aljihu ya tashi.

Kusan shekara guda yana jin waƙar nan bai ce uffan ba, don waƙa ce. Yanzu takarda ce mai tambarin makaranta, wadda ko soja zai iya karantawa, kuma da suna a ƙasa.

Na je jiya na durƙusa gaban Goggo. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Kallona ta yi ta ce, "Bahijja, har shekaruna kin hwaɗa musu?" Na roƙe ta ta biyo ni Shagari, ta ce ba ta tafiya sai an gama cire albasar fadama, kuma ba ta barin kushewar Siddiƙu don tsoron ɗan da aka haifa a gabanta. Maƙwabtanta sun fara ɗauke ƙafa daga gidan.

Ka yi mini alkawari, Malam. Ni na karya nawa don na dogara da naka. Ban san abin da nake so ka yi ba, amma ka yi wani abu.

Bahijja.

*

Bodinga,
17 ga Afrilu.

Ɗiyata Bahijja,

Na karanta wasiƙarki a tsaye a tasha, sai da Altine ya jawo mini benci. Ba ni da bakin kare kaina. Na ci amanarki, kuma son a yaba mini ne ya sa, ba wani ilmi ba. Ina jin kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe alli.

Tun ranar Litinin nake bin azuzuwa ina karɓar takardun. Na ce musu akwai kuskuren bugu, wato ni da ke hana ƙarya ga shi ina yin ta. Na tattara ɗari biyu da talatin da ɗaya na ƙone su a bayan gida. Saura tara, masu su sun tafi garuruwansu, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na san wadda ta fi muhimmanci tana aljihun da hannuna ba ya kai wa.

Na yi magana da uwargida, ta share ɗakin mahaifiyata. Ranar Asabar da safe zan zo da mota in ɗauke ki mu wuce ƙauyen. Albasar a bar wa wani ya cire. Zan durƙusa gaban Goggonki in gaya mata ni ne na tilasta ki, in ta ga dama ta tofa mini yawu, amma ta shiga motar. Ta zauna a gidana har iyakar abin da Allah ya yi.

Ki yafe mini in kin iya. Ki aiko da amsa ta hannun Altine gobe.

Ubaidullahi.

*

Shagari,
19 ga Afrilu.

Malam Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Ka bar neman kofi taran nan, kuma kada ka wahalar da motarka gobe.

Jiya bayan la'asar mutum uku suka sauka fadama a kan babura. Mata da yawa na cikin albasa. Ba su taɓa sauran ba, suka tambaya wace ce Kaltume Sodangi, ta miƙe ta ce ita ce. Yau da hantsi aka rufe ta kusa da ɗanta.

Ba kai kaɗai ba ne, da hannuna na rubuta sunan, kuma da shi zan tashi gaban Allah. Maganar yafiya ba yanzu ba. Takardar shaidata ku riƙe.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ka zo ta'aziyya. In ka zo 'yan'uwanta za su tambaye ni ko kai wane ne, ni kuwa zan gaya musu.

Wassalam.

Bahijja Ja'afar.