Hanyar Tudun da Baba Yake Kwance

Zuwa ga ƙanena Verlin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maxine da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a wannan sanyin naku na Alaska. Mu nan lafiya lau, an gama girbin masara. Mama ta cika casa'in da ɗaya. Ƙafa ce kawai ke damunta, baki kam yana nan yadda ka san shi.

Maganar maƙabartarmu ce ta sa na ɗauki biro. Tun ambaliyar bara kogi ya sauya hanya, tudun da Baba yake kwance ya koma ƙetare. Yanzu sai an zagaya ta babbar gada, a kama hanyar ƙasa duk ramuka, ko motar gawa ba za ta iya bi ba. Kwamishinonin gundumarmu uku suka ce kogi ne iyaka, ƙetare ba namu ba ne. Na gundumar ƙetare kuma suka ce ba su san zancen ba. Abin ya ci min rai, don Mama ta daɗe da sa a sassaƙa sunanta a dutsen kabarin Baba, don a binne ta kusa da shi.

Ranar Litinin Mama ta sa hular coci, ta ce in kai ta zaman kwamishinoni. Ta shimfiɗa musu tsohuwar taswirar Kaka, wadda ta nuna iyaka tana bin tsohon kwarin kogi, ko da ruwa ko babu. Hollis Tackett, shugabansu, ya fara kame-kame wai sai an tambayi lauya. Mama ta ce masa ita ta share masa majina a makarantar Lahadi, kuma shekara saba'in tana jefa ƙuri'a a gundumar nan, ba za a binne ta baƙuwa ba. Aka kwashe da dariya, kunnuwan Hollis suka yi ja. Su ukun duk suka ɗaga hannu, suka amince a gyara hanyar. Jiya aka zuba mata tsakuwa.

Don haka ka daina cewa sai baɗi. Ka zo a watan Mayun nan mai zuwa, lokacin sharar kaburbura. Mama ta ce in faɗa maka tana so ka bi hanyar nan da ita tana zaune a gaban mota, kada ka bari sai tana kwance a baya.

Ka gaida Maxine, da Royce da ƙaramar Lorna. Maigidana Burl yana gaishe ka.

Yayarka,
Orlene