Ƙungiyar Sifaniyanci Ba ta Asiri Ba Ce: A Wanke Sunan Nasiru

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Sa Ido kan Makarantun Sakandare na shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so.

Sunana Shehu, a Kaura Namoda an fi sanina da Likitan Shanu. Ni ne tsohon da ka tarar a bakin allo ranar da ka turo ƙofar aji, wanda ka ce wa shugaban makaranta ba ka ga sunansa cikin ma'aikata ba. Gaskiya ka faɗa, babu shi. Na je ofishinka ya fi sau ɗaya, kullum masinja ya ce kana taro. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta, tunda abin da ya faru ma a gaban kowa aka yi shi.

Bari in faɗa maka abin da ya kai ni ajin nan, tunda ba ka tambaya ba. Ina saurayi aka tura ni ƙasar Kyuba karatun likitan dabbobi. Can na koyi Sifaniyanci, don da shi ake ba da darasi, da shi ake sayen burodi. Na dawo ina ganin za a damƙa mini shanun ƙasar nan in duba, sai aka ba ni ɗakin ajiya da mabuɗi. Na tsufa ina gadin firjin da babu wuta, yaran da na koya wa riƙe allura suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har na yi ritaya. Harshen ya zauna a bakina babu mai amsa mini, sai dai in akuya ta ɓata mini rai in zage ta da shi.

Wata rana na wuce ta gidan kallon ƙwallo, na ji yara suna kwaikwayon mai sharhi, suna ihu da kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Na tsaya na fassara musu. Suka biyo ni har gida. Daga nan shugaban makaranta ya ba mu aji ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi, don ranar babu Islamiyya. Ajin na kowa ne. Ƙungiyar kuwa ta gwanaye ce, ba a shigarta sai ɗalibi ya yi shekara bai yi fashi ba, ya ci duk darussansa, ba Sifaniyanci kaɗai ba, ya kuma ɗauki yaro guda cikin ɗiyan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka yana koya masa karatu. Wanda ya cika wannan, a kira uwarsa ko ubansa ya maƙala masa zare ja da rawaya a aljihun riga. Ƙungiyar ke nan gaba ɗayanta.

Na farko, abin da ka gani. Ka ga tagogi a rufe, fitilar ƙwai na ci da rana tsaka, ɗalibai tara sun ɗaga hannun dama suna faɗin abin da ba ka ji, ga jan zare a ƙirjin wasu. Ban ce idonka ya yi ƙarya ba. Tagogin a rufe suke saboda hadari ya taso, iska na kashe mana fitila. Fitilar kuwa tsohon ɗan ƙungiya ke kunnawa ya miƙa wa sabo, alamar abin da ka sani miƙawa ake yi. Gwajin bikin rantsarwa muke yi, shi ya sa ba ka ga iyaye ba. Ina tsaye a gabanka, na miƙo hannu, ka dubi hannun ka juya. Tambaya ɗaya da ta ishe ka, kuma da Hausa zan amsa.

Na biyu, abin da ka yi. Ka rubuta cewa ka kama ƙungiyar asiri a makarantar gwamnati. Litinin ɗin da ta biyo ka tsaya da kanka a taron safe, ka kira sunayen yaran nan tara, suka fito gaban makaranta duka. Ka sa aka yanke zaren daga aljihunsu da reza, har rigar wata yarinya ta yage, ta riƙe wurin da hannu tana tafiya. Ka dakatar da su, bakwai daga cikinsu suna ajin ƙarshe. Ni kuma ka ce kada maigadi ya sake bari in shigo. Wannan bai dame ni ba, na saba da ƙofar gwamnati a rufe.

Ranka shi daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ka san a yanzu in aka ce yaro yana wata ƙungiya a ɓoye, yana magana da yaren da ba a ji, ba makaranta mutane ke tunani ba, daji suke tunani. Ka san abin da ke samun wanda aka nuna da yatsa.

Na uku, zaman binciken da iyaye suka matsa sai an yi. Ba ka zo ba, ka turo wani matashi daga ofishinka, yaro mai ladabi, Allah shi yi masa albarka. Tunda ban san abin da ya faɗa maka ba, ga abin da ya faru.

An shirya benci biyu. Kafin a fara an kwaso na ajujuwa uku, wasu suna tsaye a taga. Iyaye sun zo daga cikin gari, sun zo daga Shinkafi da Badarawa, a wannan hanya da kowa ya san halinta. Da wakilinka ya karanta cewa ana rantsar da yara a ɓoye, sai limamin unguwarmu ya tambaye shi a hankali ko ɓoyon ya haɗa da shi, don shi ke buɗe bikin da addu'a tun da aka fara, shi kuma ake ba kan rago. Alhaji Mamman direba, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, ya ce ashe duk Alhamis 'yan asiri yake ɗauka kyauta bai sani ba, a taimaka a gaya masa wane asiri ne suka iya, ko zai hana tayarsa fashewa. Sai Hajiya Kulu mai ƙuliƙuli, uwar shugabar ƙungiyar, ta taso ta zazzage jakarta a kan teburin wakilinka. Zaruruwa ne ja da rawaya, wasu an kitsa, wasu ba a gama ba.

"Ɗana," ta ce masa, "ni ke kitsa su da hannuna. In asiri ne, to ga uwar asirin, ka fara da ni."

Aka yi ta dariya har shugaban makaranta ya buga tebur.

Wakilinka bai tsaya nan ba, kuma na yaba masa. Ya ce duk ya ji, amma babu wanda ya san abin da rantsuwar ke cewa sai ni da yaran, mu kuwa mu ake tuhuma, ba za mu zama masu fassara ba. Ya fito da wayarsa mai fassara magana, ya ce in faɗa a ciki. Na faɗa. Wayar ta kawo shirme, wani abu game da kifi. Haƙorana sun zube, harshena kuma na tsofaffin Kyuba ne. Sai Hafsatu, ɗiyar Hajiya Kulu, wadda rigarta ta yage, ta nemi izini ta karɓi wayar. Ta faɗi rantsuwar kalma bayan kalma, ba ta yi sauri ba. Wakilinka ya duba, ya sake dubawa, sannan ya karanta da kansa ya juya wa jama'a da Hausa: na yi alkawarin neman ilimi da gaskiya, ba zan ɓoye abin da na sani ga wanda ya tambaye ni ba, zan koyar da na bayana.

Ya kira sauran ɗaya bayan ɗaya, yana ba su jimlolin da ya ga dama, su juya, waya ta tabbatar. Ya ce wa ɗaya ya tambayi kuɗin buhun gero a Shinkafi, yaron ya tambaya har ya ƙara da cewa ya yi tsada. Mata suka rangaɗa guɗa a ofishin makaranta, babu wanda ya hana su. Ranka shi daɗe, na yi shekaru ina jiran a ce mini na gode a ƙasar nan, ban samu ba. Ranar na daina jira. Waya ta kasa jin malami ta ji ɗalibarsa, ban san wata lambar yabo da ta kai wannan ba.

A take aka janye dakatarwar. Iyaye suka mayar da zaren a aljihun ɗiyansu a wurin. Alhamis ɗin da ta biyo maigadi ya buɗe mini ƙofa har da sara mini, ajin kuma bai ɗauke mu ba, muka koma gindin darbejiya. Har malaman makarantar biyu sun zauna a baya, wai iska suke sha. Ina gode maka da wannan talla, ban da ƙarfin yin irinta.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Tara ka kira, takwas suka dawo. Na taran shi ne Nasiru, ɗan Malam Garba manomi na Birnin Tsaba, wanda ke zaune wurin gwaggonsa a nan Kaura don karatu. Ya fi kowa kunne a ajin, shi ne ya fara gyara mini kuskure. Labarin taron safe ya riga shi isa gida, kuma kafin ya isa ya canza kama: an kama ɗan Garba cikin 'yan asiri masu yaren ɓoye. 'Yan sa-kai suka je suka yi wa uban tambayoyi a ƙofar gidansa, maƙwabta na kallo. Washegari uban ya zo ya tafi da ɗansa, shi ya sa yaron bai halarci zaman ba. Labarin wankewar kuwa bai yi gudu irin na farko ba. A can ana cewa iyayen birni ne suka rufa wa nasu asiri.

Na hau motar Alhaji Mamman na je. Malam Garba ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama mini fura, bai ɗaga mini murya ba. Na nuna masa takardar janye dakatarwar da shugaban makaranta ya ba ni. Ya ce ya yarda da ni, amma ba shi ne ke buƙatar yarda ba, mutanen gari ne, su kuma ba takarda suka ji ba, sun ji cewa babban jami'i ya faɗa da bakinsa. Sai in babban jami'in ya warware da bakinsa, a gaban mutane, da sunan yaron. In ba haka ba gara Nasiru ya zauna inda idonsa ke kansa. Ina fitowa na hango yaron yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya gaishe ni da Hausa, yana waige-waige.

Shugaban makaranta ya ce mini rajistar jarrabawar fita ta kusa rufewa, kuma ba a yi wa wanda ba ya nan. In ta wuce Nasiru, na san yadda ake ƙarewa. Ba a komawa.

Don haka ga roƙona.

Ɗaya, ka zo taron safe, inda ka tsaya ranar, ka kira sunayen nan tara kamar yadda ka kira su, ka ce ka bincika babu komai. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, ni ba na cikin ma'aikata.

Biyu, ka cire rahoton daga fayil ɗin yaran, kada wata rana ya tare musu hanya suna neman makaranta ko aiki.

Uku, ka shaida wa shugaban makaranta ranar da za ka zo tun da wuri. Malam Garba ya yi mini alkawari zai taho da Nasiru, da mai unguwarsu, da ɗaya daga cikin 'yan sa-kan da suka je ƙofarsa, su ji da kunnensu. Alhaji Mamman ya ce shi zai ɗauko su.

Ba a taɓa rage wa babba girma don ya ce na duba na ga ba haka ba ne. Na yi aiki ƙarƙashin manya da yawa, ban ga wanda ya gwada ba, ina so in ga ɗaya kafin in mutu. Ƙungiya ta riga ta tsaya da ƙafarta, ko ka zo ko ba ka zo ba Hafsatu da 'yan'uwanta za su riƙe ta bayan raina. Abin da ya gagare mu, ni da liman da iyaye duka, shi ne mu dawo da yaro ɗaya daga gona zuwa ɗakin jarrabawa. Wannan a bakinka yake, kuma bai fi maganar da za ka yi kana tsaye ba.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi kare ka a hanyoyin nan da kake bi, shi shirya maka zuri'a, kada shi nuna maka ranar da za a kira sunan ɗanka a gaban jama'a kan abin da bai yi ba. Muna jiran ranar da za ka sa.

Wassalam.

Malam Shehu Likitan Shanu,
Uban Ƙungiyar Gwanayen Sifaniyanci,
Kaura Namoda.