Zuwa ga Bello, Mai Kawo Mana Labarin Juna

Bayan sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar da ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Bello, ni ne Umaru, abokin ɗakinka a kwalejin horon malamai, nake rubuto maka daga Kebbe.

Tun da muka gama aka rarraba mu ƙauyuka, kai ka hana mu ɓace wa juna. Da hukumar En'e ta ba ka aikin zagaya makarantu, sai ka jingine kekenka a gindin tsamiyarmu, kafin ka leƙa aji ka fara zazzage mini labari: wane ya yi aure a Jabo, wane Bature ya ɗauke shi ofis a Sakkwato, wane ya ajiye alli ya koma noma. Kakan ce, "Zumunta a ƙafa take, ni ko keke gare ni."

A bazarar bara ka iso daga Fakku kana kukan ciwon kai, wuyanka ya ƙage. Sanƙarau ne. A zaurena ka cika, kanka bisa cinyata, kafin malamin asibiti ya iso daga Tambuwal.

Tun daga nan na koma kamar kurma. Ban san wa ya samu ƙaruwa ba, ban san wa ya yi rashi ba.

Ranar kasuwar Tambuwal da ta wuce na ci karo da Isa, wanda muke tsokana saboda tsoron lissafi, ya kuma bar koyarwa ya kama aikin jirgin ƙasa a Gusau. Ya yi ƙiba, yana ta dariya, da ƙunshin goro a hannu. Ya riƙe ni ya ce, "Umaru, ina wanga ɗan yawo, Bello? Bayan dogon jira Allah ya ba ni ɗa namiji, sunanai na sa mai. Na taho in tafi da shi ya ga takwaranai."

Ya dube ni, ya sake dubana, dariyar ta tsaya. Da na faɗa masa ka rasu, sai ya zauna a ƙasa tsakanin masu gero, ya ce a hankali, "Ashe shi ya sa bai zo suna ba. Ni ko ina ta fushi da shi."

Shekara guda, babu wanda ya kai masa labarin rasuwarka, domin kai ne mai kai labari.

Na kai shi Kebbe na nuna masa kabarinka. Goron kuwa ya kai wa Inna, mahaifiyarka, a Sanyinna. Ta riƙe shi ta kasa ɓarewa, ta ce in yaron ya yi ƙwari a kawo mata ta goya shi.

Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana, ya haskaka makwancinka, ya ba Inna haƙuri. Allah ya raya yaron nan, ya sa ya ɗauko halinka.

Naka har gobe kiyama,
Umaru