Na Ce Ban San Kawuna Ba

Malam Saifuddeen, assalamu alaikum.

Don Allah ka taimake ni da shawara, ko da zagi ne a ciki zan ɗauka, don wanda ya kamata ya zage ni ya ƙi. Makonni shida ke nan ina yawo da wani abu a ƙirjina, na rasa inda zan ajiye shi.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a nan Jidda, shekarata goma sha tara a ƙasar. Muna zaune a unguwar Safa da matata Hindatu da 'ya'yanmu. Babbarsu, Ihsan, ita ce ta gama sakandare bana. Ka san yadda korona ta yi da yaran nan. Shekara da rabi tana karatu a gaban kwamfuta, da hijabi a sama da wandon barci a ƙasa. Da makaranta ta ce babu bikin yaye ɗalibai, yarinyar nan kwana biyu ba ta fito falo ba. Sai mu iyaye muka buɗe zaure a waya, muka ce mu za mu yi musu. Aka kama istiraha a Abhur, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya na yini guda, ɓangaren mata daban, na maza daban. Saboda dokar yawan jama'a, aka ce kowace yarinya mutum biyu kawai za ta kawo, uwa da uba, kuma sai an nuna manhajar korona ta Tawakkalna a ƙofa, waya ta yi kore sannan a shiga.

To ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, Kawu Munzali. Umara ya zo tun ina firamare, bai koma ba, kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, har yau. A unguwar Kurayyat yake gasa tsire, wanda mutanen nan suke kira siriya suna bin layi a kansa. Ranar da na sauka Jidda ba na jin Larabci sai na sallah, shi ya tarbe ni. A ɗakinsa na kwana wata biyu. Shi ya koya mini yadda ake magana da kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, ba tare da an durƙusa ba kuma ba a yi tsaurin ido ba. Da aka haifi Ihsan, shi ya yi mata huɗuba a kunne. Yana kiranta amaryarsa, ita kuma tana ce masa ya tsufa, ta fasa auren. Hausarta a karye take, ta fi iya ji a kan magana, amma da shi kaɗai take dagewa ta yi ta.

Ihsan ta ce in Kawu ba zai zo ba, ita ma shi ke nan, ba za ta je ba. Na yi mata bayanin doka: ba iƙama, ba kore a waya, ba shiga. Wannan gaskiya ne, Malam. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, wadda ban faɗa wa kowa ba sai kai. Daɗi na ji da dokar ta zo haka. Iyayen ƙawayenta likitoci ne da injiniyoyi, Misirawa da Sudaniyawa da 'yan ƙasa, duk suna kirana Duktur. Ban so su ga cewa Duktur yana da kawu mai warin hayaƙi ba.

Sai dabara ta zo mini, har na yaba wa kaina. Kwamiti yana neman mai abinci, na ce na san wani gwanin siriya. Ma'aikata ta ƙofar baya suke shiga tun kafin baƙi, babu mai tambayarsu waya. Na gaya wa Kawu haka, ya yi murna, ya ce ai ko ta taga ce zai shiga ya ga amaryarsa da hular digiri. Ihsan ta rungume ni. Kowa ya ɗauka ƙauna ce ta sa na yi wayo.

Ranar biki bayan la'asar muna tsakar gidan maza, kowa da takunkumi. Kawu yana gefe yana fifita wuta. Wallahi har godiya na yi wa takunkumin nan a zuciyata, don duk wanda ya ga hancinsa ya ga nawa. Akwai wani Abu Nawaf, mahaifin Raghad ƙawar Ihsan, mutum mai fara'a da surutu. Ya ɗaga murya ya kira Kawu da kalmar khal, ya ce ya hanzarto da nama. Ka san kalmar nan. A littafi ma'anarta kawu, amma a bakin titi haka ake kiran duk baƙin mutum da ba a damu a san sunansa ba. Ni kaina an taɓa jefo mini ita a layin banki, na yini ina ƙunci.

Da ya ɗanɗana naman, sai ya juyo ya tambaye ni ina na samo wannan khal ɗin mai hannun zinariya. Malam, amsar tana cikin tambayarsa. Da na ce ƙwarai khal ne, nawa ne, da an yi dariya an wuce wurin. Amma na ji bakina yana cewa wani abokina ne ya ba ni lambarsa, ban san shi sosai ba.

Taku biyu ne tsakanina da Kawu, kuma Larabcinsa ya fi nawa. Bai ɗago ba. Ya juya tsinken da ke hannunsa, ya ce wa Abu Nawaf e, Duktur mai sayen tsirensa ne, mutumin kirki. Shi ya rufa mini asirin da na tona wa kaina.

Ban san cewa a daidai lokacin an fito da 'yan matan don su ɗauki hoto da iyayensu maza ba. Ihsan tana bayana da rigarta da hularta. Ta wuce ni, ta je ta sumbaci goshin Kawu a gaban kowa, ta koma ɓangaren mata. Duk ubannin da suka zo suna da hoto da 'ya'yansu, ban da ni.

Tun ranar ba ta yi mini rashin kunya ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini shayi, amma da Larabci zalla, irin wanda ake yi wa baƙo. Hindatu ta san abin da ya faru, ta ce tsakanina da kawuna ne, ita ba ta shiga. Kawu kuma bai canza komai ba sai abu ɗaya. Tun ina yaro Ɗan Yaya yake kirana. Yanzu in na buga waya sai ya ce sannu Duktur, ya aiki. Babu gatse a muryarsa, kuma wannan ya fi kashe ni.

Saura mako uku Ihsan ta tafi jami'a a gida Najeriya. Ina tunanin in shirya wata walimar a gidana, in zaunar da Kawu a kujerar gaba, in yi jawabi. Wani lokacin kuma in ce tunda bai yi magana ba, kada in fama masa ciwo. Me zan yi?

Naka,
Ɗan Yayar Wani, Safa, Jidda

*

Wa alaikumus salam, Ɗan Yayar Wani.

Zagin da ka nema ba za ka samu a nan ba, ka riga ka yi wa kanka wanda ya fi nawa tsari. Amma bari in ce na daɗe ban ga mutumin da aka miƙa masa gaskiya a faranti, da yaji da albasa, ya ce ya ƙoshi ba. Balarabe ya tambaye ka khal, kai kuma kana da khal tsaye a gabanka.

Mu fara da abin da ba laifinka ba, don kada ka haɗa kaya ka kasa ɗauka. Shirya wa yaran biki ba laifi ba ne, sun cancanta. Rashin sa sunan Kawu cikin baƙi ma ba laifi ba ne. Mutumin da ba shi da takarda, tsayawa a ƙofar da ake duba waya kasada ce a gare shi, kuma ya fi ka sanin haka. Ko ƙofar bayan, da zuciya ɗaya ka shigo da shi, da sai in ce dabarar zama a ƙasar mutane ce, kowannenmu ya yi irinta. Kunyar da ka ji ma ba kai ka ƙirƙire ta ba. Wanda aka yi shekara goma sha tara ana auna shi da launin fatarsa da sunan aikinsa, ba mamaki wata rana ya ɗauki ma'aunin ya auna nasa. Na faɗi wannan don ka gane ciwon, ba don ka yi matashin kai da shi ba.

Laifinka jimla ɗaya ce, kuma korona ba ta da hannu a ciki. Ku bar ɗora wa baiwar Allah nan komai, ta ɗauki nata.

Walimar da kake tunani, ka manta da ita. Wannan biki ne na wanke Duktur, kuma za ka sake sa dattijo ya yi maka aiki, wancan karon ya gasa nama, wannan karon ya zauna ya yafe a gaban jama'a. Shirun ma ba mafita ba ne. Kana cewa kada ka fama masa ciwo, alhali naka kake karewa. Wanda ya daina kiranka da sunan da ya saba tun kana yaro ai ya yi magana, kuma ka ji.

Ka tafi Kurayyat da ƙafarka, kai kaɗai, ba da tsaraba ba. Ka zauna a bencinsa har ya samu sarari. Ka faɗa masa da Hausa abin da ka yi, yadda ka faɗa mini, har da daɗin da ka ji da doka ta hana shi shiga. Kada ka ce in na yi maka laifi. Babu in a ciki. Zai ce ba komai, don haka manyanmu suke. Kada ka karɓi wannan ka miƙe kana karkaɗe riga. Ka koma mako mai zuwa, da na bayansa. Zumunta a ƙafa take, kuma Safa zuwa Kurayyat ba Kano ba ce.

Sai Abu Nawaf. A gabansa ka yi ƙaryar, wurinsa za ka gyara ta. Ka nemi izinin Kawu tukuna, kuma ba ruwan kowa da zancen iƙamarsa. Ka ce masa mutumin nan da ka yaba hannunsa ƙanen mahaifiyata ne, kunya ce ta sa na ɓoye. Larabawa da kansu suna da karin magana cewa khal uba ne, zai gane nauyin abin. Wataƙila ma ya fara tauna kalmar kafin ya sake jefa wa wani.

Ihsan kuwa, kada ka aika mata uwarta. Bayan ka dawo daga wurin Kawu, ba kafin nan ba, ka ce mata ita ce ta yi daidai ranar, kai ka yi kuskure, kuma ga abin da ka yi a kai. Ko da wane harshe ta amsa, ka karɓa. Ka kuma gode wa Allah. Yarinyar da ta sumbaci goshin mai tsire a gaban ƙawayenta wani ne ya tarbiyyantar da ita, kuma kana cikin waɗanda ake zargi.

Ban yi maka alkawarin komai zai koma yadda yake kafin jirginta ya tashi ba. Dattijo yana da haƙƙin ya ɗauki lokacinsa. Amma ka tafi gobe, kada ka tsaya tsara kalmomi. Irinmu masu ɗan karatu, in aka ba mu mako guda, sai mu mai da tuba ta zama lacca.

Allah ya sanyaya zuciyar Kawu Munzali, ya ba Ihsan sa'ar karatu, kai kuma ya ba ka ƙarfin gwiwar zama a bencin nan.

Saifuddeen